Kafin ka biya kuɗin laftof ta hannu, tambayi na'urar da bakinta

Ranar wata Alhamis bayan magariba ɗan yayata ya shigo gidana a Gesse rungume da kwali, baki har kunne. Ya samu gurbin karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke nan Birnin Kebbi, mahaifinsa kuma ya sayar da buhunan shanshera daga noman ranin da ya yi a fadama, aka haɗa masa kuɗin laftof. Ta WhatsApp aka yi cinikin da wani mai sayarwa a Legas, aka tura kuɗi, aka ba direba kaya, yaron ya je tasha ya karɓo. Abin da aka gaya masa shi ne: Core i7 ce, ram ɗinta 16, ma'adanarta 512, batir kuma yana yin awa biyar.

"Kawu, duba mani wagga kwamfuta. Ga ma tambarin i7 ɗin nan a jikinta."

Tambarin yana nan kuwa, yana ta sheƙi. Sai dai tambari sitika ce, ko a jikin kwanon tuwo ka manna ta za ta zauna. Na ce masa ya ajiye maganar tambari, mu tambayi na'urar ita da kanta. Cikin minti goma muka san abin da ya saya. Abin da muka yi a wannan dare shi nake son in nuna wa mai karatu, tare da bayanin inda amsoshin suke fitowa, domin a nan ne mutum ke gane wadda zai yarda da ita da wadda zai sake bincika.

Baƙin allon da mutane ke tsoro

Idan ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta cmd, ka danna Enter, wani baƙin allo zai buɗe, ba hoto ba ado, sai ɗan layi yana ƙiftawa. Wannan shi ake kira layin umarni. Mutane da yawa na ganin sa suke ɗauka kayan 'yan dandatsa ne, alhali shi ne tsohuwar hanyar magana da kwamfuta tun kafin a saba da ɓera da hotunan dannawa. Haka ake aiki da Unix da aka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, haka MS-DOS ta 1981 take. Windows ta yau tana da irin wannan ƙofa guda biyu: cmd ɗin da muka buɗe, da ƙanwarta mai ƙarfi PowerShell, wadda Microsoft ya fitar a 2006.

Amfaninsa ga mai saye a fili yake. Kalmomin iri ɗaya ne ko HP ce, ko Dell, ko Lenovo. Ba ka buƙatar data, ba ka buƙatar sauke wata manhaja. Yana fito da abubuwan da shafukan dannawa ba su nunawa sai an sha wuya. Sannan ga wanda ke Birnin Kebbi ko Argungu, kaya kuma suna Ikeja ko Kano, zai iya tura wa mai sayarwa umarnin ya ce ya rubuta, ya ɗauko bidiyon allon kafin a tura ko sisi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin mayar da kaya Legas daga nan ya san wahalar da wannan ke rage masa.

Umarni na farko da muka rubuta shi ne:

systeminfo

Ka ba shi 'yan daƙiƙoƙi, zai jero maka sunan kamfanin da ya ƙera na'urar, da samfurinta, da nau'in Windows da ke kai, da jimillar ram, da bayanin BIOS. A nan yaron ya fara shan mamaki: inda aka rubuta Total Physical Memory, adadin bai wuce 8,000 da 'yan kai ba na megabait. Wato ram 8 ce, ba 16 ba.

Akwai wani layi a wannan jerin da ke ruɗar mutane, Original Install Date. Wasu masu sayarwa na nuna shi su ce ka ga, na'urar bara aka fara amfani da ita. Ba haka ba ne. Ranar da aka ɗora Windows ɗin ce, ko ranar da aka yi mata babban sabuntawa. Kwamfutar da ta shekara tara, in aka yi mata fomatin jiya, jiya za ta rubuta.

Wa ke ba da amsar?

Windows ba ta san komai da kanta ba game da ƙarfen da take zaune a kai. 'Yar aike ce. In ka tambaye ta, sai ta je ta tambayi sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya, ko ta duba abin da ta rubuta ta ajiye lokacin da aka kunna ta.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, tana da wani umarni da aka gina a cikin jikinta mai suna CPUID, wanda Intel ya shigo da shi a 1993. In aka aika mata wannan umarni, sai ta faɗi kamfaninta da danginta da lambar samfurinta. Babban faifan ciki, wanda masu gyara ke kira bod, yana ɗauke da wani jadawali mai suna SMBIOS da kamfani ya cika tun daga masana'anta: lambar siriyal, samfuri, ramukan ram nawa ne, me ke cikin kowane. Ma'adana tana da nata kundin da take rubuta tarihin lafiyarta, ana kiran sa SMART. Shi ma batir akwai 'yar ƙaramar na'ura a cikinsa da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sunan furosesa da kake gani a shafin About na Windows ba daga furosesar ake ɗauko shi kai tsaye a duk lokacin da ka duba ba. Ana karanto shi ne daga rajistar Windows, inda aka kwafe shi lokacin tashi. Wannan rubutu kuwa duk mai ikon admin zai iya goge shi ya rubuta abin da ya ga dama. Yana komawa daidai in an kashe an kunna, amma wanda ya shirya cuta zai iya saka ɗan umarnin da zai sake canza shi a kowane tashi. Saboda haka ban yarda da suna shi kaɗai ba. Nakan haɗa shi da lambobi.

A cikin systeminfo akwai layi irin wannan a ƙarƙashin Processor: Intel64 Family 6 Model 142 Stepping 9. Ba ya da daɗin karantawa, amma yana da amfani. Model 142 da Stepping 9 na nufin zubi na bakwai na furosesoshin laftof masu ƙarancin cin wuta. Model 142 da Stepping 10 zubi na takwas ne. Model 78 zubi na shida ne, Model 69 na huɗu, Model 58 na uku. In suna ya ce zubi na takwas, lamba ta ce 69, ka san akwai lauje cikin naɗi.

i7 ɗin gaskiya ce, amma...

Daga nan muka buɗe PowerShell. Ka danna maɓallin Windows da X, ka zaɓi PowerShell ko Terminal mai ɗauke da kalmar Admin, ka rubuta:

Get-CimInstance Win32_Processor | Select Name, NumberOfCores, NumberOfLogicalProcessors

Ta yaron ta amsa da i7-7500U, da lamba 2, da lamba 4. Mai sayarwa bai yi ƙarya a nan ba, i7 ce. Abin da bai faɗa ba shi ne wace i7.

Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubi, abin da 'yan kasuwa ke kira jen. A 7500U, zubi na bakwai ke nan. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa, kamar 1135G7, wato na goma sha ɗaya. Lamba 2 ɗin kuwa ita ce yawan ƙwayoyin aiki da ke cikin furosesar. Ka ɗauke su kamar ma'aikata a injin casar shinkafa: biyu ba za su yi aikin huɗu ba, ko da kowanensu ya ɗan fi kuzari. Ita i7-7500U, wadda ta fito a 2016, ƙwaya biyu gare ta. Ita kuma i5-8250U da ta biyo baya a 2017 ƙwaya huɗu gare ta, kuma a aikin da ake iya rarrabawa, irin su haɗa bidiyo ko gudanar da manhajoji da yawa lokaci guda, ta wuce waccan nesa ba kusa ba. Ga shi a kasuwa sau da yawa za ka tarar an fi tsadanta mai tambarin i7 ɗin, saboda mutane bakwai suke gani ya fi biyar. Wannan kuskure ya ci kuɗin mutane da yawa, kuma ba a iya kiran sa damfara, tun da abin da aka faɗa gaskiya ne.

Maganar zubi ta ƙara nauyi yanzu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Ita kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, ko Ryzen 2000 na AMD, in ban da 'yan ƙalilan, kuma tana buƙatar wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. Masu gyara sun iya ɗora ta a kan tsofaffin na'urori ta bayan gida, don haka ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce cewa na'urar ta cancanta. Tana iya yin aiki lafiya, amma kamfanin bai ɗaukar maka alkawarin sabuntawa ba. Umarnin Get-Tpm zai nuna maka ko akwai TPM ɗin da kuma ko a kunne take.

Ram ba ta da dogon bayani:

Get-CimInstance Win32_PhysicalMemory | Select Capacity, Speed, Manufacturer

Kowane layi da ya fito sanda ɗaya ce ta ram. Adadin a bait yake zuwa, don haka in ka ga 8589934592 gigabait 8 ke nan, 4294967296 kuma 4. Ta yaron layi ɗaya ta nuna, wanda ya faranta mani rai kaɗan, domin da muka kwance murfin baya daga baya mun tarar da rami na biyu babu kowa. Wasu siraran laftof ram ɗinsu a like take da bod, abin da ka saya da shi za ka mutu.

Wani ɗan tsokaci: tsofaffin bidiyoyi a YouTube za su ce ka rubuta wmic. Yana aiki a Windows 10, amma Microsoft yana janye shi, a sabuwar Windows 11 kana iya rubutawa ta ce ba ta san shi ba. Get-CimInstance ne ya gaje shi.

Batir, inda aka fi cutar ɗan Kebbi

In da za a ce in zaɓi umarni ɗaya tak in koya wa kowane ɗalibi a jihar nan, wannan zan zaɓa:

powercfg /batteryreport

Zai gaya maka inda ya ajiye wani fayil mai suna battery-report.html. Ka buɗe shi da burauza. Lambobi biyu kake nema a sama: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka ranar da ya bar masana'anta, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yau in ya cika maƙil. Ka raba na biyu da na farko.

Na yaron ya nuna 51,000 da 21,400. Kashi 42 cikin ɗari ke nan ya rage. Laftof irin wannan in tana aikin rubutu da ɗan lilo a intanet tana cin kamar wat 10, ka ga abin da ya rage bai fi na awa biyu ba. Alamar batir da ke gefen agogo kuwa tana nuna 100% hankalinta kwance, domin ita cikar tulun take aunawa, ba ruwanta da cewa tulun ya tsuke ya koma rabi.

Me ya sa batir ke tsukewa? A cikin batirin litiyom, duk caji da sauka yana barin wani ɓawo mai kauri kaɗan-kaɗan a jikin sandar da ke karɓar cajin, kuma wannan ɓawo yana riƙe wani ɓangare na litiyom ɗin har abada. Zafi yana hanzarta wannan aiki, haka ma barin batir a cike maƙil na tsawon lokaci. Yawancin laftof ɗin da ke zuwa mana daga Turai da Amurka sun yi shekaru a kan teburin ofis a jone da wuta, ga su kuma sun sauka a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Batirin da ya iso da rabin ƙarfinsa ba ya daɗewa a nan. Kuma a wurin da wutar lantarki ba kullum take tsayawa ba, laftof marar batir daidai take da kwamfutar tebur. Ni a ganina in adadin ya yi ƙasa da kashi 60, ka cire kuɗin sabon batir daga farashin tun a wurin ciniki.

Rahoton kan nuna Cycle Count, wato sau nawa aka yi cikakken zagayen caji, sai dai ba kowane batir ke faɗa ba. Batiran canji masu araha kuma wani lokaci lambobinsu ba abin dogaro ba ne. Don haka bayan rahoton, ka zare caja ka kunna bidiyo na minti ashirin ka ga kashi nawa ya sauka.

Ma'adana da kundin sirrinta

Get-PhysicalDisk

Wannan zai nuna sunan ma'adanar, da girmanta, da ko SSD ce ko HDD mai faifai mai juyawa. Bambancin saurinsu babba ne, har tsohuwar na'ura mai SSD takan fi sabuwa mai HDD daɗin aiki. Kada ka yi wa mai sayarwa ihu in ka ga 238 a madadin 256, ko 476 a madadin 512. Kamfanoni suna ƙirga gigabait a matsayin bait biliyan ɗaya cif, Windows kuma tana ƙirgawa da 1,073,741,824. Ba a sace maka komai ba, mudun ne ya bambanta. Ta yaron 476 ta nuna, SSD, nan mai sayarwa ya fita.

Don leƙa kundin SMART sai ka ƙara:

Get-PhysicalDisk | Get-StorageReliabilityCounter | Select PowerOnHours, Wear, Temperature

PowerOnHours shi ne awannin da ma'adanar ta yi a kunne tun da aka ƙera ta. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka in an ce maka "ba a wani yi amfani da ita ba" ka ga 25,000, kusan shekara uku ke nan dare da rana. Wear kuwa kason rayuwar SSD da aka cinye ne. Wasu ma'adanan ba su ba Windows waɗannan lambobi, sai ka ga wurin babu komai.

Amma kada a ɗora wa SMART kayan da ba za ta iya ɗauka ba. A 2007 wasu injiniyoyin Google uku, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, sun wallafa bincike a kan ma'adanai masu faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa wasu alamomin SMART, kamar kurakuran da ake samu yayin binciken fuskar faifai, suna da alaƙa mai ƙarfi da mutuwar ma'adana nan kusa. Sai dai kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba sam. Ma'ana, in kundin ya ce akwai ciwo, ka yarda ka gudu. In ya ce lafiya lau, ka dai ajiye kwafin aikinka a wani wuri. Ɗalibin da furojet ɗinsa ya tafi da ma'adana saura mako biyu ya kare shi ba ya buƙatar a yi masa wannan wa'azi.

In kana son shaidar da ta fi ƙarfi

Duk abin da muka yi ta bakin Windows ɗin da mai sayarwa ya ɗora muka ji shi. Hanyar kauce mata ita ce ka zo da taka babbar manhajar a filash. Ana iya saka Linux, misali Ubuntu, a filash mai gigabait 8, a tayar da kwamfuta da ita ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Daga nan lscpu zai ba ka bayanin furosesa wanda aka ɗauko daga CPUID, ba daga rajistar da wani ya yi wa kwaskwarima ba. free -h na nuna ram, lsblk na nuna ma'adanai, sudo dmidecode -t memory na karanto jadawalin SMBIOS rami bayan rami. Masu buɗe cibiyar kwamfuta da ke sayen na'ura goma ko ashirin lokaci guda ya kamata su mallaki irin wannan filash.

Ko wannan ma tana da iyaka. Layin umarni abin da ƙarfe ya faɗa yake maimaitawa, in ƙarfen da kansa aka koya wa ƙarya, ƙaryar za ta fito a allo da kyakkyawan rubutu. Misali mafi shahara shi ne filash da memori na jabu: an sauya bayanin 'yar na'urar da ke cikinsu ta riƙa cewa terabait 1 ce, alhali ainihin wurin ajiyar ɗan kaɗan ne. Windows da Linux duk za su yarda. Sai an cika ta da bayanai an sake karantowa asiri ke tonuwa, aikin da manhajoji irin su H2testw da f3 ke yi ke nan.

Lambar siriyal ma tana da irin wannan amfani na haɗa shaida da shaida. Get-CimInstance Win32_BIOS | Select SerialNumber zai fito da ita. Ka gwada da wadda ke rubuce a ƙarƙashin na'urar. In sun saɓa, wataƙila an canza bod ko murfi. In sun dace, ka shigar da ita a shafin Dell ko HP ko Lenovo, sau da yawa za ka ga samfurin da lokacin da garantinta ya fara, wanda shi ne mafi kusa da ainihin shekarunta. Kuma tun kana gaban mai kaya ka kashe ka kunna, ka shiga BIOS da F2 ko F10, ka tabbata kamfanin da ya yi amfani da ita a can bai bar kalmar sirri ba.

Gargaɗi ɗaya tilas ne. Duk umarnin da na kawo karatu kawai suke yi, ba su goge komai. Amma ƙofar da suke bi ita ce umarnin da ke share ma'adana ke bi. Akwai ma wata damfara da ta yaɗu a 'yan shekarun nan, inda shafin intanet zai ce don ya tabbatar kai mutum ne, ka danna Windows da R ka manna wani rubutu ka danna Enter. Kada ka yi. Abin da ba ka san aikinsa ba, kada ka manna shi a wannan allo.

Shi kuwa ɗan yayata, a daren muka ɗauki hoton allo uku, na ram da na batir da na furosesa, muka tura wa mutumin Legas. Da farko ya ce kuskuren yaron shagonsa ne, kwali aka musanya. Bayan kwana huɗu ana ja-in-ja ya dawo da wani ɓangare na kuɗin, wanda ya isa sayen sandar ram ta biyu da rabin kuɗin batir. Sauran rabin daga aljihun kawu ya fito. Maganar zubi na bakwai kuwa ba ta da gyara, da ita zai yi karatunsa, kuma na riga na haɗa masa filash ɗin Ubuntu.